Tankar Yaƙin Kawu

Wanda bai zauna a Malanville ba bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, bai san abin da zaman banza ke yi wa hankalin dattawa ba. CEDEAO ta sa takunkumi, aka gicciye kwantena a kan gadar da ta haɗa mu da Gaya. Manyan motocin da suka taso daga Kwatano suka yi layi a bakin hanya, direbobi suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi. Motar da ba ta tafiya kuwa ba ta ciyar da bakanike. Garejin kawuna ya koma majalisa, ni ma da nake cike wa 'yan kasuwa takardun duwan, birona ya bushe.

Ana cikin haka Kawu ya sayo tankar yaƙi.

Haka dai ɗan gwangwan ya ce masa. A bayan gonakin shinkafa take, da koren fentin soja a inda tsatsa ta rage, sarƙa hagu da dama, awaki kwance a inuwarta. Aka ɗoro ta a tirela har gareji. Niyyar Kawu ya tada ta, ya sayar wa Turawan da aka ce masa suna tara irin waɗannan. Wane Bature, a ina yake, ban ji wanda ya tambaya ba.

Tun ba a sauke ta ba Sajan ya iso. Tsohon soja ne na zamanin Kérékou, wanda ya karɓi mulki a 1972 ya juya ƙasar ta fuskanci Tarayyar Sobiyat. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya sara mata.

"Alhaji, wannan ai 'yar Rasha ce. PT-76. Hularta da bindigar kawai aka cire."

A yi wa Sajan adalci, abin da ya faɗa game da PT-76 gaskiya ne. Sojan Benin sun mallake ta. Tanka ce mai nauyin kusan tan 14 da ke tafiya a ƙasa, ta kuma yi iyo a ruwa. Ƙafafunta shida ne a kowane gefe, cikinsu fanko don su taimaka mata ta taso. Ba ta da sifirin irin na mota: kowace ƙafa tana maƙale da doguwar sandar ƙarfe da ta ratsa cikin tankar a kwance, idan ƙafa ta hau dutse sai sandar ta murɗe, ta wuce sai ta warware. Sajan ya nuna mana wannan da rawanin wani direba, ya murɗa, ya saki. Majalisa ta yi kabbara.

Matsalar ɗaya ce. Da aka tura ni ƙarƙashi da tocila, ban ga sanda ko guda ba. Rola biyar na ƙirga a kowane gefe, ƙanana, an ɗaure su da bolti kai tsaye a jikin ƙarfe.

"Ɓarayi," in ji Sajan. "Sun sace ta shidan, sun zare sandunan."

Na kankare koren fenti da wuƙa, rawaya ya fito. Na ƙara kankarewa, ga rubutu ɓaro-ɓaro: CATERPILLAR. Na ce, "Kawu, wannan fa katafila ce da aka cire wa cebur. 'Yar Amurka ce ma."

"Yaro, ka san ɓad-da-kama?" Sajan ya tambaye ni. "Da so kake su rubuta tanka a jikinta, abokan gaba su karanta?"

Kawu ya ce boko ya sa na raina manya, ya miƙo mini sifana.

Kafin a taɓa rola sai an kwance sarƙa, kafin a kwance sarƙa sai an sassauta ta. Abin da ke ɗaure ta giris ne da aka ɗura da ƙarfi cikin wani bututu, yana tura ƙafar gaba. Akwai ɗan noti da ake juyawa kaɗan, giris ya riƙa tsiyaya a hankali. Yaron gareji ya faɗi haka, ba wanda ya saurare shi. Ranar Juma'a ce, Kawu ya fito cikin farar shadda mai aiki har gwiwa, ya tsaya duba aiki kafin masallaci.

"Kwance shi duka," in ji Sajan. "Soja ba ya rabin aiki."

Umarni na bi. Notin ya tashi da ƙara, ya huda kwanon rumfa ya wuce, har yau ba mu san gidan da ya sauka ba. Giris ɗin da ya girme ni ya bi bayansa, baƙi ƙirin, ya sami Kawu daga aljihun gaba zuwa hula. Masu shayi suka kwanta rub da ciki. Sajan kaɗai ya tsaya ƙyam, ya ce, "Kun ji ko? Har yanzu tana harbi."

Sauran aikin wahala ce zalla. Rola sun kafe, muka jiƙa su da kananzir da baƙin mai, muka gasa su da wuta, mai walda ya cike bakinsu da ya cinye. Babbar ƙusar da ke haɗa sarƙa ta sha guduma har kanta ya baje, ta ƙi komawa. Aka yanko guntun aksil na wata matacciyar mota aka cusa a madadinta.

Labari kuwa bai jira gada ba, kwale-kwale ya hau. Lokacin ana ta raɗe-raɗin CEDEAO za ta tura soja, sai ga wayar surukin Kawu daga Gaya: an ce an jibge tankoki a Malanville har an fara gwajin harbi, shin ya kwashe iyali zuwa Dosso? Kawu, maimakon ya kwantar masa da hankali, sai ya ce, "Ba a maganar nan a waya."

Ranar gwaji aka zuba gazuwal, aka aro batir. Ta yi tari, ta yi aman hayaƙi, ta tashi. Sajan ya hau, ya kama sandunan nan biyu da ake juya ta da su, ta fita ƙofar gareji yara na ihu. Ba ta yi nisa ba guntun aksil ya zame. Sarƙar hagu ta warware ta kwanta a ƙasa kamar tabarma, ta dama ta ci gaba da aikinta. Abin da ke jan gefe ɗaya kuwa zagaye yake yi. Ta bi ta kan buhunan albasar wani mutum da ke jiran kwale-kwale, ta zagayo, ta sake bi ta kansu. Unguwa ta cika da hawaye, na mai albasa daban, namu daban. Sajan na ihun a ba shi hanya, alhali shi ne ke dawowa. Yaron gareji ne ya ɗare ta baya ya toshe mata mai.

Wani mai kaki ya zo bincike. Ya duba rubutun da na kankare, ya dubi Kawu, ya yi dariya har ya dafa babur ɗinsa, sannan ya tambaya ko za mu iya ture masa tarin ƙasa a ƙofar gida in mun sami cebur. Kawu ya biya kuɗin albasa buhu-buhu.

Da yamma Sajan ya kurɓi shayi ya ce, "Alhaji, kada ka damu da sarƙa. Irinsu a ruwa suka fi tafiya miƙe." Na ga Kawu ya yi shiru yana kallon wajen kogi. Cikin dare na je na kwance batir ɗin, na mayar wa mai shi.