Ranar da Kwamfuta Ta Raɗa wa Shaddar Goggo Suna

Goggona tana da shago a Kantin Kwari, kuma rabin cinikinta yanzu a WhatsApp yake. 'Yan anko su turo hoto su ce "wannan kalar muke so", ita kuma ta yi ta zare ido a kan waya. Da yake ni ne ɗan gidan da ya karanta kwamfuta, wato wanda ake ƙwala wa kira idan rimot ya ƙi aiki, sai ta ce in haɗa mata abin da zai kalli hoto ya faɗi sunan kala. Na ce, "Goggo, wannan ai kafin la'asar ne."

A takarda aikin ba wuya. Kowane ɗigo a hoto lambobi uku ne: ja, kore, shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. In aka jujjuya su, kala 16,777,216 ke nan. Sunayen da CSS ya sani kuwa, harshen da ake ƙawata shafukan intanet da shi, 148 ne kacal, wasu ma kala ɗaya ce da suna biyu. Tunda kala ta fi suna yawa, sai a nemi mafi kusa: ka ɗebe ja daga ja, kore daga kore, shuɗi daga shuɗi, ka ninka kowane bambanci da kansa, ka tara. Sunan da jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ya ci. Lissafin Pythagoras ne na sakandare. Na rubuta shi da Python, na tafi kasuwa ina taku ɗai-ɗai.

Muka fara da shadda ruwan goro. Waya ta ce chocolate. Goggo ta ce, "Cakulan? Ɗan nan, yunwa take ji?" Na duba, lambobin sunan 210, 105, 30 ne, lallai ya fi kusa da goro a kan alewar da yara ke sha. Muka gwada ruwan ƙasa, ta ce peru, sunan wata ƙasa a Kudancin Amurka. Wani leshi ruwan madara ya fito papayawhip. Yaran shago suka dinga maimaita shi har maƙwabta suka leƙo. Goggo dai ta ce sunayen Turawa na ƙara wa kaya daraja, in jera mata su, kuma kar in sa hotuna don suna cin data.

Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Yayar wani ango ta ga darkgray a jerin, sunan da ke nufin toka mai duhu, ta yi odar anko na abokan ango gaba ɗaya, ta turo kuɗi. Aka yanka, aka kai. Washegari sai ga ta a shago da ƙunshin shadda a ka, tana tambayar wane makaho ne ya kira wannan mai duhu.

Ni kuwa na tsaya a kan gaskiyata, domin lissafina bai yi ƙarya ba. A CSS, gray 128 ne, darkgray kuwa 169, wato mai duhun ya fi haske. Dalili shi ne jeri biyu aka gwama. Yawancin sunayen sun fito daga tsohon tsarin X11, inda gray yake 190, don haka 169 duhu ne a can. Da aka zo intanet sai aka ɗauki gray na 128 daga ƙaramin jerin kala 16 na HTML, aka bar darkgray yadda yake. Na zayyana wa Hajiyar wannan tarihi tsaf. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta juya ta ce wa Goggo, "Hajiya, wannan yaron lafiyarsa ƙalau?"

Na koma gida da zuciya. Na san ido ba ya auna kala da ma'aunin kwamfuta: kore ne ke ɗauke da kusan kashi 72 cikin ɗari na hasken da muke gani a allo, shuɗi kashi 7 kawai, amma lissafina ya ba su kaso daidai. Don haka na mayar da komai tsarin CIELAB, wanda hukumar haske ta duniya, CIE, ta fitar a 1976 don nisan lambobi ya bi nisan da ido ke gani. Har na ɗora sabon ma'auninsu, CIEDE2000, mai tsawon da sai da na sha shayi a tsakiya. Sakamako ya gyaru sosai, a ɗakina.

A kasuwa kuwa shadda sheƙi take yi. Ƙarƙashin ƙwan shago suna ɗaya, a bakin ƙofa cikin rana wani suna, in aka ɗauke wuta aka haska tocilan suna na uku. Turmi ɗaya ya koma kamar ɗan fari, kowa da sunan da yake kiransa.

Sai na ce bari in yi jerin namu: ruwan hoda, ruwan omo, ruwan hanta, ruwan ɗorawa, kowanne da lambarsa. Na roƙi 'yan layin su nuna mini ruwan goro na ainihi. Wani dattijo ya ce na goron da aka tauna yanzu, maƙwabcinsa ya ce a'a, wanda ya bushe a haƙori. Kafin azahar an rabu gida biyu, har da masu rantsuwa, kowa ya ɗago turminsa yana cewa in auna nasa.

Goggo ta karɓe wayar daga hannuna ta miƙo mini almakashi. Yanzu aikina in yanki ƙyalle in shiga adaidaita sahu in kai wa 'yan anko su gani da idonsu. Shaddar da aka dawo da ita kuwa an riga an yanka, ba ta sayuwa, don haka Goggo ta rubuta ta bashi a kaina. Da sallah ni da ƙannena maza duka darkgray muka sa, har da mai gadi.