Makullin Sito da Lissafin Galileo

Duk wanda ya ce karatun kimiyya ba shi da amfani a cikin gida, bai taɓa hawa saman soro da makullin sito a aljihunsa ba. Ina can sama ina gyaran eriya sai Inna ta ɗaga murya daga tsakar gida:

"Kai, jefo min makullin nan in ɗebo shinkafar tuwo."

Da wani ne, jefawa kawai zai yi. Ni kuwa da na ci fizis a WAEC, sai na ce, "Inna, ɗan dakata in yi lissafi."

Tun 1638 Galileo, mutumin Italiya, ya rubuta cewa abin da aka jefa tafiya biyu yake yi lokaci guda, ta gaba da ta ƙasa, kuma babu ruwan wannan da waccan. Ta ƙasan, kowane sakan gudunta na ƙaruwa da mita 9.8 a sakan. A jarrabawa 10 muke ɗauka don a zauna lafiya. Daga hannuna zuwa ƙasa mita 5 ne. A ninka 5 sau biyu, a raba da 10, a nemi tushensa: sakan 1 cif. Inna tana mita 4 daga gindin bango. Ke nan in na wurga shi a miƙe da gudun mita 4 a sakan, gaban takalminta zai sauka.

Har na saita hannu, sai ta ce, "Cilla shi sama-sama in gan shi, kada ka tsone min ido."

Maganar uwa tana gaba da ta Galileo. Na cilla.

Sai da ƙura ta lafa na zauna da biro na bi sawun abin da ya faru. Makullin da ya tashi sama da gudun mita 5 a sakan sai ya yi rabin sakan yana hawa kafin ya juyo, zamansa a iska ya koma sakan 1.6. A ninka da 4, mita 6.4 ke nan. A mita 6.4 kuwa babu kowa sai tukunyar miyar kuka, a buɗe bisa murhu. Ya shige ta da gudun da ya haura kilomita 40 a awa, kamar ɗan acaɓa ya hango fasinja. Rabin miyar a zanen Inna, saura a bango, kaji suka watse.

Da ludayi aka tsamo shi, Inna tana salati. Da daddare Baba ya kai loma ɗaya, ya dube ni ya ce, "Shi wannan Galileyon naka, a gidansu ma a miya yake ajiye makulli?"

Ni dai har gobe ina kan bakana: lissafi bai yi ƙarya ba, tunda ya nuna tukunyar daidai wa daida. Sai dai Inna ba ta karɓar ɗaukaka ƙara. Makulli ya koma haɓar zanenta, ni kuma an ci ni tarar kuɗin kuka da daddawa.