Arba'in ɗin da Ba Ta Ƙarewa

Mutum ya taso tun daga Fakku zuwa Tambuwal don a tura masa takardu a shagon kwamfuta, sai yaron shago ya tattara fayilolin ya matse su wuri guda, wai kada data ta ƙare. Dabarar ta tsufa. Tun 1989 Phil Katz ya fito da tsarin ZIP a Amurka: abin da ya maimaitu a fayil, a rubuta shi sau ɗaya, sauran a riƙa nuni gare shi. Shi ya sa rubutu ke tsukewa sosai. Bidiyon biki kuwa ko gezau, don dama a matse yake. Mutumin dai ya riga ya biya kuɗin matsi.

Wajen warwarewa ake shan kallo. WinRAR, manhajar da Eugene Roshal ya ƙirƙira, kwana 40 take bayarwa na gwaji. Arba'in ta wuce, shekaru sun shuɗe, kullum sai ta leƙo cikin ladabi ta tuna kuɗin lasisi. Yaro ya danna ya kore ta, ita kuma ta buɗe masa fayil ba fushi. Da haka masu bin bashin taki suke, da ba manomin da zai sake hanya ran kasuwa a Kebbe.