Doki 117 a Ushafa

Dillalin da ya sayar mini da mashin ɗin har dafa ƙirji ya yi, ya ce ƙarfin doki 117 ne a cikinsa, ko ɗan jaki bai ɓace ba. Honda CBR600RR ne, ƙirar 2005, tokumbo, silinda huɗu, salansa a ƙarƙashin kujera. Na leƙa intanet na ga adadin da kamfanin ya rubuta ke nan. A jikin tanki kuma ga wata 'yar takarda manne da rubutun Japan. "Ka gani ko, Alhaji? Orijina ke nan, daga gidan uwarsa." Sai na zaro kuɗin da uwargida ta daɗe tana lissafin za su zama kafin alƙalami na fili a Bwari, na miƙa.

Ushafa ba ta cika ruɗewa da baƙo ba. Garin da Bill Clinton ya zo a watan Agustan 2000 ya ga masu ginin tukwane, wa zai burge shi? Amma yammacin da na murɗa totur a gaban teburin mai shayi, sai da kaji suka watse, wani ya ƙware da biredi. 'Yan acaɓa, waɗanda tun da aka hana su tsakiyar birnin Abuja a 2006 suka cika Dutse da Kubwa da Bwari, suka yi mini zobe. Bajaj Boxer ɗinsu wajen doki 8 ne. Da na faɗi nawa, wani ya kama baki.

Akwai wani dattijo Bakatsine mai gadi da ba ya rabuwa da majalisar, wanda ya yi kiwon dawaki a ƙuruciyarsa. Ya zagaya mashin ɗin a hankali, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Yallaɓai, ko Sarki sai da Sallah yake fitowa da su haka. Me kake ba su suna ci?" Na yi masa bayani cikin natsuwar masu ilimi, cewa ma'auni ne kawai da wani Bature ɗan Sikotland, James Watt, ya ƙirƙiro don tallar injin tururinsa, kuma doki ɗaya daidai yake da wat 746 na lantarki. Baba ya gyaɗa kai. "To wa ya ƙirga naka?"

Daga nan magana ta lalace. Wani yaron bakanike ya ce akwai na'ura a wani gareji a cikin gari, daino, da ake ɗora mashin ta faɗi gaskiyarsa a takarda. Ni kuwa na riga na yi karatuna. Adadin kamfani a bakin inji ake auna shi, kafin ƙarfin ya bi ta kuloci da giya da sarƙa ya isa tayar baya, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari sun zube a hanya. Irin waɗannan mashina masu cc 600, su Yamaha R6 da Suzuki GSX-R600 na wancan zamani, ɗari da 'yan kai suke nunawa a taya. Don haka na miƙe a gaban jama'a na ce idan takarda ta nuna ƙasa da 100, shayi da biredi da ƙwan majalisa a wuyana har ƙarshen wata. Mai shayi ya ce Allah ya yi albarka, da wata irin murya da ban so ba.

Majalisa ta naɗa shaida, wani ɗan acaɓa siriri. Tunda Bajaj ɗinsa ba ya shiga gari, sai na goya shi. Wanda ya ƙera kujerar bayan nan bai taɓa son fasinja ba: faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, ga salansa a ƙarƙashi. A cunkoson kasuwar Dutse, inda muka riƙa jan ƙafa a giya ta ɗaya, zafin inji na gasa mini ƙwauri, na salansa na gasa masa inda yake zaune. Kafin mu hau babban titin Kubwa ya karanto duk addu'ar da ya sani, ya fara maimaici.

Dainon kuwa wata ƙatuwar ganga ce ta ƙarfe a binne cikin dandamali. Suka kafe tayar gaba a maƙali, suka ɗora ta baya a kan gangar, suka ɗaure mashin da igiyoyi hagu da dama, suka kunna masa babbar fanka a fuska don kada ya yi zafi, suka zura wani siririn bututu cikin salansa mai shinshinar yadda mai da iska ke gaurayuwa. An san nauyin gangar, saboda haka daga yadda taya ke ƙara mata saurin juyawa kwamfuta ke lissafa ƙarfin. Injiniyan ya hau, ya kai giya ta huɗu, ya murɗe totur har ƙarshe. Ƙarar ta cika garejin, shaidana ya toshe kunne ya laɓe bayan ginshiƙi. Ni ina tsaye, hannu a aljihu, ina kallon wani jan layi yana hawa a allo. Yana hawa, yana hawa, sai ya gaji ya kwanta. 59.

Na ce na'urarsu ta lalace. Aka sake, 59. Na kawo zancen zafin rana, da cewa Abuja ta fi Legas tudu, iska ba ta da kauri. Injiniyan ya ce gaskiya ne inji na rasa kamar kashi 3 cikin ɗari a kowace mita 300 ta tudu, amma kwamfuta na auna zafi da nauyin iska ta cike giɓin, kuma ko a ƙololuwar dutsen Zuma aka kafa dainon ba za a yi asarar rabin garke ba. Na ɗora laifin kan man bunburutu. Na sa aka canja fulogi huɗu, aka wanke matatar iska, aka ɗaure sarƙa aka shafa mata mai, duk da kuɗina. Aka sake murɗawa. 61. Shaidana ya ce, "Oga, an samu ƙaruwa, biyu sun dawo."

Sai injiniyan ya sunkuya ya ƙura wa 'yar takardar nan ta tanki ido, ya duba lambar jikin mashin, ya fashe da dariya. Ashe na kasuwar cikin gida ta Japan ne. A wancan lokaci kamfanonin ƙasar sun yi wa kansu ƙa'ida, wanda za a sayar a gida sai a matse masa hanyar shan iska da salansa, a gyara ƙwaƙwalwar injin, a bar shi a doki 69, gudunsa kuma kada ya wuce kilomita 180 a sa'a. Mai 117 ɗin shi ake kai wa Turai. Cire abin da sarƙa da giya ke ci daga 69, ga 61 ɗinka. "Oga, mashinka lafiyarsa ƙalau. Ban taɓa ganin mai gaskiya irinsa ba."

Nan take na kira dillali, ina huci. Ko gezau bai yi ba. "Haba Alhaji, ni na yi maka ƙarya? Dawakan suna ciki. Ɗaure su aka yi." Abin haushin, injiniyan ya ce haka ne, ana iya kwance su, sai dai a yi odar kayan daga waje. Ya rubuta mini kuɗin a bayan takardar awon. Na ninke ta huɗu na cusa a aljihu.

Ban san shaidana ya riga ya buga waya ba. Muna isowa Ushafa na tarar mai shayi ya ƙaro kiret ɗin ƙwai, an ƙaro benci, har da fuskokin da ban taɓa gani a majalisa ba. Baba mai gadi ya karɓi takardar, ya riƙe ta a juye, ya ce a yi haƙuri, dama doki ba ya son tafiyar ruwa.

A gida na lallaɓa na nuna wa uwargida bayan takardar, na fara bayanin yadda ake kwance sauran. Ta karanta kuɗin, ta juya ta karanta gaban, ta leƙa ta taga inda mashin ke jingine kusa da turmi.

"Malam, daga nan zuwa bakin titi tudun rage gudu nawa ne? Sittin da ɗayan ma ina ka taɓa kai su?"