Ranar da Kawu Ya Yafe Bashin Albasa

Kawuna dillalin albasa ne. Motoci na sauke masa buhuna daga Marwa da Garwa a kasuwar Sandaga, shi kuma ya rarraba wa masu tebur daga New Bell har Bonaberi, yawanci bashi. Littafin bashin ya yi shekaru a aljihunsa, har ruwan Duwala, wanda bai san dattijo ba, ya jiƙa shi sharkaf. Sai ya biya wani ɗan unguwarmu mai aiki a Akwa ya zuba sunayen a saba, da 'yar dabarar tura wa mai bashi saƙon tes duk sanda lissafinsa ya motsa. Yaron ya karɓi kuɗinsa ya wuce Yawunde, ya bar mana API, wato tagar da wata manhaja ke leƙowa ta tambayi sabar ko ta ba ta umarni. Gina abin da Kawu zai riƙa dannawa kuwa ni aka ɗora wa, don ɗan 'yar'uwa ba a biyansa.

Na ɗauko ActiveResource, laburaren harshen Ruby da ya zo cikin Rails 2.0 a 2007, aka ware shi ya tsaya da ƙafarsa a 2013. Aikinsa ɓoye wahala. Ka ba shi adireshin saba da sunan rukuni, duk abin da ke can sai ya zama kamar yana tafin hannunka. Ka ce find, ya aika GET, ya kwaso JSON, ya miƙo maka mutum da sunansa da bashinsa. Ka canza lamba ka ce save, ya aika PUT, zance ya ƙare.

Rigimar farko da shi na yi. Na sa wa rukunin suna Mutum, shi kuma da nahawun Turanci yake jam'i, sai ya dage yana neman "muta" a saba, sabar tana mayar masa da 404. Layi guda na rubuta na koya masa "mutane", muka shirya.

Adireshi biyu yaron ya turo, na gwaji da na gaske, cikin saƙon murya da ya ɗauka a bayan benskin, wato babur ɗin haya, iska na cinye rabin maganar. Na rantse abin da kunnena ya ji shi na rubuta.

Bayan la'asar na baje kwamfuta a ƙofar gida a Unguwar Hausawa. Kawu ya gyara zama.

"Wannan na wasa ne ko?"

"Na gwaji ne, Kawu. Komai kuka taɓa ba ya zuwa ko'ina."

"To sa wa kowa sifili mu ga hankalinta."

Layi uku ne kawai: kwaso kowa, mayar da bashinsa sifili, save. Abin da ya ƙi ni a kan jam'i, yau ko tari bai yi ba. Sunaye na ta gangarowa, Kawu na ta "Masha Allah". Har ya ce ashe bokona bai tafi a banza ba.

Wayarsa ce ta fara ƙara. Kafin magariba ƙofar gida ta cika. Wata mai tebur daga Marché Central ta sauko daga babur tana guɗa irin tasu, tana "Merci Aladji!" Wani mai tsire da aka yi wata da watanni ana nema ya bayyana da kansa, har da ƙunshin nama. Kawu ya buɗe baki zai yi bayani aka kira salla.

A masallaci labari ya riga mu. Bayan sallama liman ya yi 'yar nasiha kan falalar sassauta wa mai bashi, yana yi yana duban sahun da Kawu yake. Jama'a suka yi layin musabaha. Kawu na murmushi yana gaisawa da hannun dama, hannun hagu kuwa yana kan wuyan hannuna, yana matsawa da kowace "amin".

PUT ba shi da "a dawo da na ɗazu". Tsohuwar lamba ta tafi ke nan. Muka ɗauko littafin nan da ya bushe ya kumbura, muka kwana muna gane rubutun da ruwa ya wanke. Da asuba na ce zan mayar, sai Kawu ya tambaya ko mayarwar ma za ta tura saƙo. Na ce kowane save da tes ɗinsa. Ya yi shiru ya lissafa: mutumin da liman ya yaba jiya, gari ya waye ya janye sadakarsa ta waya.

Ƙananan ya bari sun tafi. Manyan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, ni a baya riƙe da littafi, yana gabatar da ni a kowane tebur da cewa, "Ga injiniyan."

A tebur ɗin mai tsire, da Kawu ya juya baya, sai mutumin ya cusa mini tsinke biyu a hannu ya raɗa: "Malam, yaushe za a sake gwajin? Don in ƙaro buhu kafin ranar."