Zuwa ga Bawana na Ƙofar Guga, Mai Wayar Amurka

Ɗan Gwaggo, ina gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa, wato a taƙaice. Labarinka ya iso Haɗeja, kuma ba daga bakinka ba, don abin da za ka kira mu da shi ne ya ƙi kira. An ce ka sayi iPhone 'yar Amurka mai ido uku a baya, ka saya mata riga mai tsada, ka zauna a majalisarku ta bakin ƙofa bayan la'asar kana juya ta a hannu yadda kowa zai ga tambarin. Da aka zo sa layi, sai ta rubuta maka da Turanci, cikin ladabi, cewa wannan layin ba ta san shi ba. Ka cire MTN ka sa Airtel, ta maimaita. Ka ari Glo ɗin mai shayi, ta maimaita. Wanda ya ba ni labari ya rantse har hura ramin sim ɗin ka yi da baki, ka goge layin a gefen riga, kana cewa, "To wai mi ya same ta? Ɗazun nan fa tana lafiya lau."

Kada ka ce na tona maka asiri a jarida. Haƙƙi biyu nake da shi a kanka: mahaifiyarka ƙanwar babana ce, sannan ni Bahaɗeje ne kai Bakatsine. Ko ɗaya ya ishe ni in yi maka tsiya a bainar jama'a ba mai cewa uffan, balle sun haɗu.

Bari in gaya maka abin da ya same ta, tunda mai sayarwar bai gaya maka ba. Lafiyarta ƙalau. Bashi ne a wuyanta. A Amurka mutane da yawa ba sa zuwa kasuwa su ƙirga kuɗi su ɗauki waya kamar mu. Kamfanin layin ne, irin su AT&T da T-Mobile, yake ba mutum wayar, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan a cikin kuɗin kira na wata, shekara biyu ko uku. Don kada mutum ya karɓe ya gudu wurin wani kamfanin, sai a ɗaure wayar ta yadda layin gida kaɗai za ta karɓa har sai an gama biya. To ka ga wani bawan Allah da ba ka taɓa gani ba, can wata jiha da ba ka iya faɗin sunanta, ƙila ya biya 'yan watanni ya gaji, ya sayar da ita ga masu tarawa, ta shiga kwali, ta sauka Ikeja, ta biyo mota zuwa Kano, ta ƙaraso Katsina, ta yi ta neman wanda zai gaji ragowar rigimar. Duk faɗin birnin Dikko kai ta samu. Mutane na gadon gona, kai ka sa kuɗinka ka sayi bashin Ba'amurke.

Kuma abin da zai ƙara ɓata maka rai, makullin ba ya cikin wayar da za a ce sukundireba ta kai gare shi. Kowace waya na da lambarta ta haihuwa mai lamba 15, wadda ake kira IMEI; ka danna *#06# za ta fito. A kwamfutocin Apple aka rubuta a gaban lambar taka cewa ta kamfani kaza ce. Duk sanda ka sa sabon layi, wayar sai ta tambayi can, can kuma a ce mata a'a. Kamfanin da ya ɗaure ta ne kaɗai zai ce a sake ta, shi kuma sai ya ga an biya shi. Tun daga iOS 14 akwai wuri a cikin saitin wayar, inda bayananta suke, da ke faɗa ƙarara ko a ɗaure take ko a sake. Duba wurin bai kai minti ɗaya ba. Kai a wannan mintin kana gwada kyamara kana gyara zaman hula.

Na san abin da ya ja ka, araha ce. Wayar da ke ɗaure kullum ta fi 'yar'uwarta sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma masu sayarwa sun haddace maganar da ke kwantar da hankalin irinku: "Alhaji, ƙaramin abu ne, cif kawai za a sa mata." Daga jin Alhaji ka narke, kai da ko Kaduna sai da rakiya.

Shi cif ɗin nan na taɓa tsayawa na ga yadda ake sa shi a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, kuma gaskiya aikin na da ban sha'awa. Yaron na zaune gaban teburi cike da gawarwakin wayoyi, ga fitila mai gilashin ƙara girma, ga injin hura iska mai zafi, ga tsohon buroshin goge baki da kwalbar sifirit. Sai ya ɗauko wani ɗan falle mai ruwan zinare, ya fi layin kansa siranta, ya kama shi da ɗan hantsaki, ya shimfiɗa a ƙarƙashin sim ɗin, ya tura su tare cikin ramin a hankali yana riƙe numfashi, don in ya lanƙwashe an yi asara. Wasu rubuce-rubuce su fito a fuskar wayar, ya zaɓi sunan kamfanin da ya ɗaure ta, ya jira. Can sai ka ga sandunan sabis sun miƙe ɗaya bayan ɗaya. Abin da fallen ke yi shi ne yi wa wayar ƙarya, ya sa ta ɗauka layin gidansu ne aka sa mata. Ba buɗe ta aka yi ba, ruɗin ta aka yi, kuma ruɗi ba ya daɗewa. Ka sabunta manhajarta, ta farga. Ka canja layi, ta farga. Wani lokacin ba ka yi komai ba, Apple ne ya toshe hanyar daga can, sai ka wayi gari sandunan sun kwanta. Shi ya sa yaron da ya sa maka naka cif ɗin ya gargaɗe ka da babbar murya kada ka taɓa abdet. An ce daren ranar wayar ta tambaye ka ko ta sabunta kanta, kai kuma da karar nan taku ta Katsinawa ka ji kunyar ce mata a'a.

Sana'ar buɗe waya ba yau ta fara ba, kuma ba na raina masu ita. Sun fi ka amfani ga al'umma. Tun da GSM ta shigo Najeriya a watan Agusta na 2001, lokacin Obasanjo, da Econet da MTN, ana kiran minti ɗaya a naira 50 kuma layi kaɗai ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci, yawancin wayoyin da talaka ke iya saya gwanjon Turai ne, Nokia da Motorola da Sagem, da yawansu ɗaure da Vodafone ko Orange. A lokacin abin da sauƙi. Mai gyara zai karɓi IMEI ya zuba a wata 'yar manhaja a kwamfutarsa, ta lissafo masa lamba, ya danna a Nokia, wani abu mai farawa da #pw+, shi ke nan ta sake har abada. Sharaɗin kawai kada a yi ta kuskure, don damar gwaji ƙidayayya ce. In ta ƙare sai an haɗa da igiya da akwatin filashin. Daga baya aka shiga zamanin modem, 'yan ƙananan Huawei da kowane kamfani ke buga tambarinsa a kai, ɗalibai na kai su a mayar da su masu cin kowane layi. Su gwaji goma suke bayarwa. Ban manta naka ba. Ka ƙi biyan mai gyara, ka ce ai lamba ce kowa ya iya, ka sa shekarar haihuwarka, ka sa ta Gwaggo, ka sa lambar babur, har goman ta cika modem ya rufe bakinsa. Ashe tun lokacin ciwon yake.

Ga wani labari da zai yi maka daɗi. A watan Agusta na 2007 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar New Jersey, George Hotz, ya kwance iPhone ta farko, wadda AT&T kaɗai take karɓa, ya yi mata 'yan haɗe-haɗe da dalma har ta karɓi wani layin. Aka ba shi mota Nissan 350Z da sababbin iPhone uku a madadin guda ɗaya da ya buɗe. Shi ya buɗe waya ya samu mota. Kai, in labarin da ke zuwa mana gaskiya ne, babur ɗinka ne ke shirin tafiya don a buɗe waya.

Su kansu masu ɗaurin sun fara gajiya da abin. A 2014 Obama ya sa hannu a dokar da ta halatta wa Ba'amurke buɗe wayarsa, Ingila kuwa tun Disamban 2021 ta hana kamfanonin layi sayar da waya a ɗaure. Wato da 'yar Landan ta kwanan nan ka nema, da wuya ka shiga wannan halin. Ko a gwanjo ba ka iya zaɓe ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce mutumin Katsina ne ya sayi waya mai layi ɗaya tilo, layin ma na wata nahiya. Mu nan wa ya taɓa yarda da kamfani ɗaya? Wannan na kira ne, wancan na data, na uku don ƙauyen da sauran ba sa kaiwa. Tecno da itel ba da kyan fuska suka cinye kasuwarmu ba, da ramin layi biyu da batir mai kwana suka cinye ta. Tun Afrilun 2013 hukumar NCC ta ba kowa dama ya ɗauki lambarsa ya koma wani kamfanin ba tare da ta canja ba. Su kansu kamfanonin ba sa zama wuri ɗaya: layin da ya fara da Econet ya zama Vmobile, ya zama Celtel, ya zama Zain, ya zama Airtel, ko da yake Gwaggo har gobe Zain take ce masa kuma ba wanda ya isa ya gyara mata. Ku da Maraɗi ke bayan gidanku, kuna bi ta Jibiya ku je biki ku dawo, kowane ɗan kasuwar kirki na da layin Nijar a aljihu, Moov ko Zamani ko Airtel ta can, yana tsallaka iyaka ya musanya. Kai in ka je sai dai ka ɗauki hoto.

A watan Satumba na 2021 an rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jiharku saboda 'yan bindiga, har da Jibiya da Batsari da Safana, mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa don kawai su ji muryar 'yan'uwansu. Allah kada Ya maimaita mana, Ya kawo ƙarshen abin baki ɗaya. Amma ka tuna ko a wancan lokacin ba a rufe birni ba. Ƙofar Guga ba ta rasa sabis ba sai da ka je ka sayo rashinsa da kuɗinka.

Nan zan ajiye wasa kaɗan, don kai bawana ne kuma asarar bawa ta ubangida ce. Ɗauri iri-iri ne. Naka na kamfanin layi ne, mafi sauƙinsu, ba laifi ka yi ba, wauta ce kawai. Akwai wadda za ta nemi iCloud ɗin wani, ko asusun Google na wani, kafin ta buɗe ko fuskarta. Wannan ba bashi ba ne, alama ce mai ita bai sallama ta ba, kuma sau da yawa ƙwace aka yi ko sata. Akwai kuma wadda aka kai rahoton lambarta aka sa ta a baƙin littafi. In wani ya ce maka zai canja mata IMEI ta zama sabuwa, tashi ka bar shagon. A Ingila tun 2002 wannan laifi ne na ɗauri, a nan kuma da lambar nan ake bin sawun wayar sata, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi ke kwana a caji ofis, ba wanda ya fizge ta ba. Ba na son in zo Katsina beli. Kuɗin motar ma kai za ka biya.

Sai kuma maganar da na so in bari, amma ba zan iya ba. An ce da cif ya ƙi zama, ka mayar da ita wurin wani mai gyaran, ya ɗaga fuskarta ya leƙa ciki, ya yi shiru, ya kira maƙwabcinsa shi ma ya leƙa. Ashe XR ce ta 2018 aka cire mata gangar jiki aka sa ta a ta 13 Pro. Idon nan uku da kake haska wa majalisa, ɗaya ne ke gani, biyun ado ne. Ku da kuke taƙama da hawan Sallah, an ɗaura wa jaki kayan doki an ja shi har ƙofar gidanka, ka fito ka yi masa jinjina. Aikin gwaninta ne, na yarda, kuma masu gaskiya a cikin 'yan kasuwar suna faɗa tun kafin ciniki cewa juyayya ce, su rage kuɗi. Kai ba a gaya maka ba don ba ka tambaya ba, kana sauri kada wani ya riga ka.

Yanzu kuma na ji kana cewa za ka bayar da ita ka yi ciko ka ɗauki 14. To ka buɗe kunne. Tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sim ko kaɗan, layin cikin manhaja ake zuba shi. Waɗanda za ka gani a kasuwa 'yan Amurka da rami, huda su aka yi aka dasa. In ka samu ɗaurarriya a cikinsu, ko wurin hurawa da baki ba za ka samu ba. Kuɗin shararka na Cika-ciki na tanada, amma ba zan ba ka a hannu ba, kai tsaye zan biya yaron da zai raka ka kasuwa ya duba maka.

Baba ya ce in gaishe ka, kuma in tambaye ka wani abu. Kwanan nan duk sanda ya kira ƙanwarsa a 'yar itel ɗinta mai tocila, muryar gardi yake ji. Ka mayar wa Gwaggo wayarta.