Baƙin Fim da Rimot ɗin Gidana

Daren Talata na zauna kallon Heat, fim ɗin Michael Mann na 1995, inda Al Pacino ke farautar Robert De Niro a titunan Los Angeles. Na tanadi shayi da gyaɗa, domin fim ne mai kusan awa uku. Laifina ɗaya, daɗi ya kwashe ni na ce, "Kai, wannan nuwar (film noir) ne na gaske." Sai ɗan yayata, wanda ya zo hutu daga jami'a da gemu tsilli-tsilli da tabarau marar magani, ya miƙa hannu ya tsayar da fim.

"Kawu, Allah ya huci zuciyarka, ai nuwar ba ya da kala."

Kun san irinsu. Ba sa kallon fim, sai dai su yi masa rajista. Nan take ya buɗe mini aji: nuwar ya fara da The Maltese Falcon a 1941, ya rufe da Touch of Evil a 1958, baƙi-da-fari, da malafa, da hayaƙin taba, da inuwar taga a fuska. Bayan nan an kulle ƙofa, an jefa makulli a rijiya.

Na ce to, Leave Her to Heaven na 1945 fa, wanda kalarsa har kashe ido take, amma masana suka sa shi a layi? Niagara na Marilyn Monroe a 1953 fa? Ya gyara tabarau ya ce waɗannan "togaciya" ne. Chinatown na 1974? Wannan kuma "sabon-nuwar" ne. Wato ƙosan da aka soya bayan rasuwar kakarmu sabon-ƙosai ne, kada wanda ya kuskura ya kira shi ƙosai.

Abin dariyar, waɗanda suka shirya finafinan nuwar na farko ba su ma san sunan ba. Wani marubucin Faransa, Nino Frank, shi ya liƙa musu shi a 1946, lokacin da finafinan Amurka da yaƙi ya tare suka kwararo Paris a tare. Kalmar kuwa "baƙi" kawai take nufi da Faransanci. Humphrey Bogart, jarumin The Maltese Falcon, ya yi aikinsa, an biya shi, ya tafi gida. Yau ga yaron da aka haifa zamanin wayar hannu yana gadin ƙofar a falona.

Sai na fizge rimot, na shiga saiti, na zuƙe kalar talabijin ɗin har sifili. De Niro ya koma launin toka. Na ce, "Yanzu fa?"

Wallahi sai yaron nan ya tsaya yana tunani! Har da shafa gemu. Kuma ba zan zarge shi sosai ba, domin Holiwud ma rimot take dannawa. An wanke kalar Logan na 2017 an sake fitar da shi da sunan Logan Noir. The Man Who Wasn't There na 2001 da kala aka ɗauke shi kafin a mayar da shi baƙi-da-fari. In dai haka ne, tsohuwar talabijin ɗinmu mai ƙofar katako ita ce uwar nuwar. Labaran ƙarfe tara nuwar ne. Samanja nuwar ne. Wasan ƙwallon da 'yan wasa ashirin da biyu duk ke sanye da riga mai ruwan toka, ba ka san wa ya ci wa ba, shi ne nuwar mafi tsanani, domin babu wanda ya san gaskiya har a tashi.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne da na tambaye shi ƙarshen Double Indemnity, sai ya fara in-ina. Taƙaitawar minti goma ya gani a YouTube. Fim ɗin 1944 da ɗan inshora ke shigowa ofis cikin dare da harsashi a jiki, yana faɗa wa na'urar ɗaukar murya yadda mace da kuɗi suka kai shi suka baro, tun minti na farko ka san tasa ta ƙare. Baƙin ke nan. Shi ya sa Goodfellas, ko ka shafa masa gawayi, ba zai shiga ba, jarumin ya ƙare yana ƙorafin abinci. De Niro a Heat kuwa ga mota, ga budurwa, ga jirgi na jira, amma ya karya kan mota ya koma ramuwar gayya yana sane.

Duk wannan ban samu na faɗa ba, domin kalar ta ƙi dawowa. Garin dannawa saitin ya juye zuwa wani yare mai kama da ƙugiyoyi, masanin namu kuma ya sulale wai zai amsa waya. Uwargida ta zo kallon fassarar Indiya ta tarar da amarya da ƙawayenta duk cikin sari mai ruwan toka.

"Malam, wa ya taɓa mini talabijin?"

Na ce mata ai nuwar ne, Faransawa ma yabawa suke. Ba ta ce uffan ba. Daren Laraba aka ajiye mini kwano, na buɗe, ƙanzo ne zalla, baƙi ƙirin, ko miya babu.